Kashi na 17: Ranar da maƙwabci ya zama abokin gaba, daga duwatsun Hakkari zuwa Sabon Birni da Isa

Waɗanda suka ce sabis ɗin garinsu ba ya iya buɗe murya, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Bayan shirin makon jiya na samu saƙonni biyu da suka hana ni barci. Na farko daga wani ɗan'uwa ne da aka kashe wa yayansa a gona. Ya ce min: "Malam, ka daina wahalar da kanka. Wannan abu ba ya ƙarewa sai an share su duka." Bai faɗi su wa yake nufi da "su" ba, amma ni da ku mun sani. Na biyu daga wani ɗalibi ne Bafulatani. Ya ce ya fi shekara biyu bai taka kasuwar garinsu ba. 'Yan bindiga sun kore shanun mahaifinsa a daji, a gari kuma ana yi masa kallon ɗan leƙen asirinsu. Ya tambaye ni: "To ni ina zan je?"

Duka biyun an zalunce su, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Yau su biyun nake son amsawa, amma sai mun ɗan yi tafiya mai nisa tukuna. Ku yi haƙuri da ni.

Mu fara da gida. Ku tuna watan Oktoban 2021. Ranar 7 ga wata, 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani 11, har da limami. Washegari aka afka wa kasuwar Unguwar Lalle a Sabon Birni, mutum kusan 20 suka rasu. Ranar 17 ga wata aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha da bakinta ta ce mutum 43. A Disamba aka tare mota a kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da fasinjoji a ciki, 'yan sanda suka ce mutum 23. Kafin duk wannan, a Mayun 2020, an kashe sama da mutum 70 a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa.

Ku dubi jerin nan da kyau. Wa ya mutu? Mai sayar da nono, mai awon hatsi, limami, matafiyi, mace da goyo. Waɗanda ke riƙe da bindiga, ta kowane ɓangare, sun koma gida sun ci abinci. Wanda bai ji ba bai gani ba, shi aka binne.

To, wannan salon ba mu muka fara shi ba. Akwai wasu mutane da suka bi wannan hanya har ƙarshenta shekara ɗari da suka wuce, kuma ina son mu ga inda ta kai su.

A kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, inda ta haɗu da Iran da Iraƙi, akwai yankin duwatsu da ake kira Hakkari. Shi ma bakin iyaka ne, nesa da fadar gwamnati, kamar yadda muke nan. Al'umma biyu ke zaune a wurin tun kaka da kakanni: Kurdawa, waɗanda Musulmi ne, da Assuriyawa, waɗanda Kirista ne masu magana da Aramiyanci, harshen da masana tarihi ke cewa da shi Annabi Isa, alaihissalam, ya yi magana. Shugaban Assuriyawan, na addini da na duniya, sarautarsa Mar Shimun, yana zaune a wani ƙauye mai suna Kudshanis.

Kar ku ɗauka zaman nasu aljanna ne. Suna faɗa kan makiyaya, suna satar wa juna tumaki, akwai ramuwar jini. Amma ga abin lura: ƙabilun yankin sun kasu gida biyu ne, ɓangaren dama da na hagu, kuma a kowane ɓangare akwai Kurdawa akwai Assuriyawa. Wato in rigima ta tashi, za ka ga Bakurde da Ba'assure a sahu ɗaya suna faɗa da wani Bakurde da wani Ba'assure. Faɗan yana da iyaka, yana da dattawan da ke kashe shi, ana biyan diyya a wuce wurin.

Me ya rushe wannan? Tsagewar farko ta zo a 1843, lokacin da wani sarkin Kurdawa, Badir Khan na Bohtan, ya afka wa Assuriyawan Tiyari ya kashe dubbai, ya sake yi wa na Tkhuma a 1846. Daular Usmaniyya, ina nufin ta Turkiyya, ba tamu ta Shehu ba, ta zuba ido har ya gama. Sannan a 1847 ta kama shi ta kai shi gudun hijira, ta rushe masarautun Kurdawan. Ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Amma da masarautun suka rushe, masu sasanci ma sun tafi, kuma gwamnati ba ta maye gurbinsu da alƙali mai adalci ba.

Sai 1891, Sultan Abdulhamid na Biyu ya kafa rundunar mahaya da ake kira Hamidiyya. Ya zaɓi wasu ƙabilun Kurdawa ya ba su bindiga da kaki da muƙami, ya ce su tsare iyaka da Rasha. Mutumin da jiya in ya saci tunkiya za a kai shi gaban dattawa, yau ya zama jami'in gwamnati. In ya ƙwace gonarka, wa za ka kai wa ƙara? Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Turkiyya da Rasha suka zama abokan gaba, Hakkari kuma tana tsakiya. Gwamnatin Istanbul ta fara kallon duk Kiristan bakin iyaka a matsayin ɗan leƙen asirin Rasha. Ba wanda aka kama da laifi ba, dukansu. Aka fara kai wa ƙauyukansu hari. A Mayun 1915 shugabannin Assuriyawan Hakkari suka yanke shawarar bin Rasha, suna jiran taimakon da bai zo a kan lokaci ba. A watan Yuni gwamnan Mosul, Haidar Bey, ya taso da sojoji, ƙabilun Kurdawa suka mara masa baya. Aka ƙone ƙauyuka da gonaki. Mutane suka hau kan duwatsu, yunwa ta ci su, kafin sanyi ya shigo waɗanda suka rage suka tsallaka Iran, yankin Urmiya da Salmas. Assuriyawa suna kiran wannan bala'i Sayfo, ma'ana takobi. A taron sulhu na Faris a 1919, wakilansu sun ce an kashe musu mutum 250,000 a duk faɗin yankin, kusan rabin al'ummarsu.

Yanzu ga wurin da labarin ya fi ɗaci, kuma shi ne wurin da mutane ba sa son ji. Waɗannan 'yan gudun hijira da suka isa Urmiya, Rasha ta ba su makamai. A 1917 aka yi juyin juya hali a Rasha, sojojinta suka watse suka bar su da bindigogi a tsakiyar mutanen da ke tsoronsu. Waɗanda aka zalunta jiya, yau su ke da ƙarfi. Kuma tarihi ya rubuta cewa a farkon 1918 mayaƙansu sun kashe Musulmi fararen hula masu yawa a Urmiya da kewaye, mutanen da ba su taɓa taka Hakkari ba. Wanda aka zalunta bai zama mala'ika ba don an zalunce shi. In ka ba shi bindiga babu alƙali, zai nemi wanda ya fi kusa, ba wanda ya yi laifin ba.

A wannan lokacin akwai wani madugun Kurdawa na ƙabilar Shikak, ana kiransa Simko. Turawan Ingila suna son ya haɗa kai da Assuriyawa don su tare musu sojojin Turkiyya. A watan Maris na 1918 shugaban Assuriyawa, Mar Shimun Binyamin, matashi ɗan kimanin shekara 30, kusan sa'ana, ya je wurin Simko a kusa da Salmas don tattaunawa. Aka zauna, aka sha shayi, aka yi sallama. Yana fitowa zai hau keken dokinsa aka buɗe masa wuta, shi da masu rakiyarsa da dama suka mutu nan take. Assuriyawa suka ɗau fansa, suka afka wa sansanin Simko. Shi ya tsere. Waɗanda ba su iya gudu ba su suka biya.

Bayan 'yan watanni sojojin Turkiyya suka matso. A ƙiyasin Turawan Ingila, mutum kimanin 70,000 suka bar Urmiya a ƙafa suka nufi Hamadan, waɗanda suka isa ba su kai 50,000 ba. Aka kwashe su zuwa sansanin Bakuba kusa da Bagadaza.

To wa ya ci riba? Mu ƙirga. Ingila ta ɗebi samarin Assuriyawa aikin soja a Iraƙi ta riƙa tura su murƙushe tawayen Kurdawa, gaba ta ƙara zurfi. Waɗanda suka yi ƙoƙarin komawa Hakkari, Turkiyya ta sake koro su a 1924. Ingila ta ba Iraƙi 'yanci a 1932, a Agustan 1933 sojojin Iraƙi suka yi musu kisan gilla a Simele. Kujerar shugaban cocinsu ta ƙare a Chikago ta Amurka, ba ta dawo yankin ba sai 2015, a Arbil.

Kurdawa fa? An yi musu alkawarin ƙasa a yarjejeniyar Sebar ta 1920, aka share alkawarin a yarjejeniyar Lozan ta 1923. Gwamnatin da wasunsu suka taya kisa ta juyo kansu, ta murƙushe tawayen Shaihu Sa'id a 1925, ta hana harshensu sakat shekara da shekaru. Shi kuwa Simko, a 1930 gwamnatin Iran ta gayyace shi tattaunawa a Oshnabiya, aka yi masa kwanton ɓauna aka harbe shi. Ramin da ya gina wa baƙonsa, shi ya rufta.

Maƙwabta biyu, ɗaya ya rasa ƙasarsa, ɗaya ya rasa 'yancinsa. Waɗanda suka raba musu bindiga su suka zana taswira.

Yanzu mu dawo gida, kuma bari in yi adalci kafin wani ya rubuto. Na san akwai bambanci. Can akwai bambancin addini, mu alƙibla ɗaya muke kallo. Can gwamnati ce da kanta ta shirya kisa, mu namu laifin gwamnati shi ne rashi da sakaci. Kuma ban ce ɗan bindiga da wanda ya kashe matsayinsu ɗaya ba, Allah ya kiyaye. Wanda ya ƙone fasinjoji a mota, wanda ya sa wa ƙauye haraji kafin a yi girbi, wanda ya sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a 2024 ya kashe shi a daji, ɗan ta'adda ne. Ba shi da uzuri, kuma ba ya wakiltar kowace ƙabila. Bello Turji ba shugaban Fulani ba ne. Fulani nawa yaransa da irinsu suka talauta?

Amma matakalar da aka taka a Hakkari, ku gaya min wadda ba mu taka ba.

Ta farko, mutuwar sasanci. Ni na tashi na ga wani dattijo Bafulatani yana sauka a gonar kakana duk bayan girbi. Shanu su ci kara su bar taki, kakana ya ba shi damin gero, matarsa ta kawo wa kakata nono da man shanu. In saniya ta yi ɓarna, hakimi da arɗo su zauna, a kimanta, a biya. Kakata takan ce: "Wanga mutum ɗan'uwa na, ba baƙo ba." Sai aka fara cinye burtali da makiyaya, aka mayar da su gonakin masu hannu da shuni. Makiyayi in ya shiga hannun hukuma sai ya sayar da saniya kafin ya fito, manomi in an yi masa ɓarna sai ya ga mai kuɗi ya yi nasara. Kowa ya fid da rai da adalci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ta biyu, bindiga babu alƙali. Ina fahimtar abin da ya haifi 'yan sa-kai. In an kashe naka, ka kira jami'an tsaro ba su zo ba, me za ka yi? Da yawansu mazaje ne da suka ba da ransu don ƙauyensu, kuma akwai garuruwan da ba don su ba da yanzu kufai ne. Amma kare gari daban, shiga kasuwa a yanka mutum don kamanninsa daban. Duk lokacin da aka yi na biyun, an yi wa ɗan bindiga kamfen kyauta. Zai je ruga ya ce wa yaro ɗan shekara 15: "Ka gani? Ko ka shigo ko ba ka shigo ba, kashe ka za su yi." Yanzu jihohi sun kafa rundunoninsu: Katsina a 2023, Zamfara da Sakkwato a 2024. Ina fatan alheri gare su. Amma darasin Hamidiyya shi ne, kaki ba ya wanke zalunci. In askari ya kashe marar laifi, dole a ga an hukunta shi a fili, in ba haka ba mun sake haifar matsalar da tambarin gwamnati.

Ta uku, kalmar "dukansu". Da ita aka kori Assuriyawa daga Hakkari, da ita aka kashe Musulmin Urmiya. Da ita ɗan bindiga ke ƙone ƙauye don mutum biyu a cikinsa 'yan sa-kai ne, da ita ake kashe mai tallar nono don wani mai kama da ita ya yi garkuwa da mutane. Addininmu bai yarda a kama wani da laifin wani ba, ko da ɗansa ne ko ubansa. Wannan ko ɗan makarantar allo ya sani.

Ta huɗu, cin amanar sulhu. An yi sulhu a Zamfara a 2016, an sake yi a 2019, duk sun rushe. Wasu za su ce sulhu ba shi da amfani, wasu su ce shi kaɗai ne mafita. Abin da labarin Simko ya koya min shi ne, sulhun da aka ƙulla tsakanin masu bindiga kawai, babu waɗanda aka zalunta a wurin, babu ajiye makami, babu hukunci ga wanda ya karya, hutun rabin lokaci ne. Kuma duk sulhun da aka ci amanarsa yana kashe goma da za su zo bayansa.

Akwai kuma masu son su mayar da mu 1804. A Facebook da TikTok za ka ga ana cewa wai wannan ci gaban yaƙin Gobir da Fulani ne. Jama'a, mu ne jikokin wannan tarihi, kufan Alƙalawa yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, ba labari aka ba mu ba. E, an gwabza a Tabkin Kwatto a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, an sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Babu mai musun an zubar da jini. Amma a rundunar Shehu akwai Hausawa, Malam Abdussalami na Gimbana ba Bafulatani ba ne, kuma a ɓangaren Yunfa akwai Fulani da Buzaye. Bayan haka an yi shekara sama da ɗari ana auratayya. Ka duba gidanku da kyau, wa zai rantse jininsa bai gauraya ba? Yaron da ke kan babur da bindiga a dajin Isa ba Shehu ya karanta ba, kuɗin fansa yake nema. Mai ba shi labari a cikin gari, mai kai masa fetur da burodi, mai sayen shanun sata, sau nawa aka kama aka ga ɗan gari ne mai zube a fuska irin nawa? Ta'addancin nan kasuwanci ne, kuma kasuwar ba ta tambayar ƙabila.

Mu kuma lura da inda hanyar ke kaiwa. Yau dubun dubatar mutanenmu suna gudun hijira a jihar Maraɗi, a Gidan Rumji, Chadakori, Garin Kaka. 'Yan'uwanmu ne suka karɓe su, Gobir ɗaya ce kafin Turawa su ja layi. Amma Assuriyawan da suka sauka Bakuba su ma sun ɗauka ba za su daɗe ba. Yaron da aka haifa a sansani, ya yi shekara biyar bai ga gonar ubansa ba, wace ƙasa zai kira tasa? Rugage nawa kuma suka tashi suka bar yankin nan gaba ɗaya? In aka ci gaba a haka, manomi ya tafi, makiyayi ya tafi, wa zai gaji fadamar Rima da Bunsuru?

To me za mu yi, mu da ba mu da bindiga ba mu da kujera?

Mu fara da bakinmu da wayarmu. In za ka yi rubutu, kira mai laifi da sunan laifinsa: ɗan bindiga, ɓarawo, mai garkuwa, infoma. Kar ka kira shi da sunan ƙabila. Bidiyon gawa da aka turo maka da taken tunzura, kar ka tura gaba.

Mu rubuta sunayen matattunmu, duka. Kowane ƙauye ya samu matasa biyu ko uku masu littafi: suna, rana, wuri. Na Garki da na Mamande a littafi ɗaya. Ranar da za a zauna maganar adalci da diyya, wanda ba a rubuta ba kamar bai mutu ba ne.

Mu matsa wa waɗanda muka zaɓa, da tambayoyi masu amsa: jami'an tsaro nawa ke Sabon Birni da Isa? Mutum nawa aka gurfanar a kotu kan kashe-kashen nan, ta kowane ɓangare? Ina burtalin da ke cikin taswira? Makarantu nawa ke rufe?

Sannan mu riƙe zumuncin da ya rage. A shekarar Sayfo akwai iyalan Kurdawa da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, jikokin waɗanda aka ɓoye suna ambatonsu har yau. Kuma bayan kusan shekara ɗari, wani babban ɗan siyasar Kurdawa, Ahmet Turk, wanda ya yi magajin garin Mardin, ya fito fili ya nemi gafarar Assuriyawa da Armeniyawa kan abin da kakanni suka yi. Ya kyauta. Amma lokacin da ya yi maganar, yawancin waɗanda zai roƙa suna Suwidin da Jamus da Amurka. Ni ba na son jikana ya nemi gafarar kufai.

Ɗan'uwana da aka kashe wa yaya, Allah ya jiƙansa, ya ba ka haƙuri. Fushinka halal ne, kuma haƙƙinka ne a kamo wanda ya kashe shi. Zan tsaya tare da kai a kan wannan ko'ina. Amma yaron nan da ya rubuto min ba shi ya kashe shi ba. Shi ma maraya ne na wannan yaƙin. Kai kuma ɗan'uwana ɗalibi, ka tambaye ni ina za ka je. Babu inda za ka je. Nan ne gidanku, kuma aikinmu ne mu sa kasuwar garinku ta sake zama wurin da za ka shiga ba tare da waige ba.

Ku rubuto min a ƙasa: a garinku akwai wanda ya kare maƙwabcinsa lokacin da abin ya yi zafi? Kar ku sa suna, saboda tsaro, labarin kawai. Irin waɗannan nake son mu karanta a kashi na gaba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.